Yadda Za Ka Yi Gyaran Mota a Garejin da Ke Manne da Gida Ba Tare da Ka Cutar da Iyalinka Ba

Tambayar nan ta daɗe tana zuwa mini, daga masu sha'awar taɓa mota da hannunsu. Ba kanikawa ba ne. Ma'aikata ne da 'yan kasuwa da malamai, waɗanda ranar Asabar suke so su canza baƙin mai da kansu, su duba birki, ko su farfaɗo da tsohuwar Fijo 504 irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna. Yawancinsu suna zaune a gidajen zamani na Kano da Kaduna da Abuja, inda gareji yake jikin falo ko kicin, wasu kuma suna Amurka ko Ingila. Kusan kowa da kayan aiki yake fara tambaya: wane jak zan saya, wane sifana ne mai ƙarko?

Kayan aiki sai a mataki na shida za mu zo kansu, kuma da gangan na jera haka. Garejin da ke manne da gida, iskarsa ita iyalinka suke shaƙa, wutarsa kuma cikin ɗakunansu za ta shiga. Don haka aikin farko shi ne raba gareji da gida yadda ya kamata. Ka bi matakan a jere.

1. Auna wurin, ka san abin da ke bayan kowane bango

Ɗauki tef ka auna tsawo da faɗi da tsayi. Corolla tana da tsawon kusan mita 4.6 da faɗin kusan mita 1.8, Hilux mai ƙofa huɗu kuma ta haura mita 5.3. Garejin da magina suka saba yi, mita 3 ne a faɗi da mita 6 a tsawo. Wannan ya isa ajiye mota, amma ya yi ƙunci ga mai cire taya. Kana bukatar sarari na kamar mita ɗaya a gefen da kake aiki. Idan naka ƙarami ne, matsa motar jikin bango ɗaya, ka yi gefe guda, ka fitar da ita ka juyo ta.

Sannan ka zagaya ta cikin gida ka rubuta abin da ke bayan kowane bango. Ɗakin kwana ne? Kicin ne? Akwai bene a sama? Ina tagogin ɗakunan yara suke, ina aka maƙala injin iyakwandishan, ina rijiya ko burtsatse? Wannan takarda za ka riƙa komawa gare ta.

Gargaɗi: idan ƙofar garejin tana buɗewa kai tsaye cikin ɗakin da ake kwana, a toshe ta da bulo. Dokar ginin gidaje da yawancin jihohin Amurka ke bi ta hana irin wannan ƙofa ɗungurungum, kuma dalilin da ya sa suka hana yana nan a ko'ina. Idan kuma haya kake, ka sami yardar mai gida kafin ka taɓa bango.

2. Toshe duk wata hanya tsakanin gareji da gida

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi tsallakewa.

Fara da sama. Sa tsani, ka buɗe silin, ka leƙa da tocila. A mafi yawan gidajenmu marasa bene, bangon ciki yana tsayawa daidai silin ne, daga nan har kwano sarari ɗaya ne ya rufe gidan gaba ɗaya. Ma'ana, hayaƙin da ya ratsa silin na gareji zai bi ta sama ya sauka a ɗakin uwargida. Gobara ma haka take yi, ta kama katakon rufi ta bi shi har ƙarshen gida kafin na falo su ji ɗuriya. Kira magini ya ɗora bulo a kan bangon da ya raba gareji da gida har ya taɓo kwano, a cike gefen da siminti, a yi fulasta. Idan silin ɗin garejin na roba ne ko silotes, a cire. Na roba yana narkewa yana ɗigo da wuta, hayaƙinsa kuma guba ne. A maye shi da allon jifsam. A Amurka mafi ƙarancin kaurin da ake yarda da shi a bangon gareji rabin inci ne, idan kuma akwai ɗaki a sama sai mai kaurin inci biyar bisa takwas, irin mai jure wuta. Wanda garejinsa ke ƙarƙashin rufin kankare ya huta da wannan, sai dai ya duba ramukan fayif.

Sai ƙofa. Ƙofar falwaya mai rami a ciki ba ta tare hayaƙi, ba ta tare wuta. Sa ta ƙarfe mai cike, ko ta katako zalla mai kaurin aƙalla milimita 35. A Ingila ana neman ƙofar da za ta jure wuta minti 30, mai rufe kanta, kuma daɓen gareji ya gangara waje ko a bar dakali na santimita 10 a bakin ƙofar, don man da ya zube kada ya malala cikin gida. Duka ukun suna da sauƙin yi a nan. Sa robar gefe a jikin firam, sa wata a ƙasan ƙofa, sa abin da ke janyo ƙofa ta rufe da kanta. Wannan na ƙarshe ba ado ba ne. Yaro zai bar ta a buɗe, kai ma da hannunka cike da kaya za ka bari.

Daga nan ka bi ƙananan ramuka ɗaya bayan ɗaya: inda fayif ɗin ruwa ya ratsa, inda wayar lantarki ta shiga, bayan soket, inda aka huda don iyakwandishan. Manya a cike da siminti, ƙanana da silikon mai jure zafi. Taga idan akwai a wannan bango, a toshe.

Gwajin aikin ba ya cin ko kwabo. Da daddare ka kunna fitilar gareji, ka kashe ta cikin gida, ka tsaya ka duba. Duk inda haske ya ɓullo, iska ma tana bi. Sannan ka kunna turaren tsinke ka bi gefen ƙofa da shi ta cikin gida, ka lura ina hayaƙin yake karkata. Ka yi gwajin a lokacin da fankar zuƙe hayaƙi ta kicin take aiki, domin irin wannan fanka tana janyo iska daga ko'ina ta samu, har da gareji.

Gargaɗi: gwajin turare sai mota tana waje, babu jarkar fetur ko ɗaya a garejin.

3. Buɗe wa iska hanya zuwa waje, ka sa mai gadin hayaƙi

Hayaƙin inji yana ɗauke da iskar kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau fiye da 200, shi ya sa kaɗan ma take illa. Ita ce take kashe iyali guda a dare ɗaya idan aka kwana da janareto a cikin gida, labarin da babu shekarar da ba a ji shi ba. Mota ma janareto ce a wannan fuska, musamman da sanyin safiya kafin inji ya ɗau zafi. Motocinmu kuma da yawa an riga an cire musu abin tace hayaƙi na jikin salansa, wanda kanikawa ke kira indomi, don haka gubar da suke fitarwa ta ninka ta motar da nata ke nan.

Ƙa'idar ba ta da kwana-kwana: ba a barin inji yana aiki a cikin gareji, ko da babbar ƙofa a wangale take. Tayar, ka fita nan take. Idan aikin na bukatar inji ya yi sulo, kamar saita kafireto ko neman inda ƙara ke fitowa, ka fitar da motar tsakar gida, salansa tana kallon nesa da tagogi. Idan za ka ajiye mota, shiga da gaba don salansa ta kasance a bakin ƙofa. Masu motar da ake tayarwa da maɓalli su tabbata sun kashe kafin su fita, don injin wasu ba ya ƙara sosai.

Ga yadda za a tsara iskar. A bangon da ke kallon waje, a huda ƙofofin iska biyu kusa da ƙasa, a sa musu raga saboda ɓera da maciji. A can sama, a bango na waje, a sa fankar zuƙe iska. Amfaninta biyu ne: tana fitar da tururi, kuma tana sa iska ta riƙa tafiya daga gida zuwa gareji maimakon daga gareji zuwa gida. Lissafin girmanta mai sauƙi ne. Gareji mai mita 4 da mita 6 da tsayin mita 3 yana ɗaukar iska kubik mita 72. Idan kana so ta sauya sau goma a awa ɗaya, nemi fankar da aka rubuta a kwalinta tana jan kubik mita 720 a awa ɗaya ko fiye. Kada bakinta ya fuskanci tagar ɗakinka ko ta maƙwabci.

Sai na'urar ƙararrawa mai jin kabon monoksayid. Sayi biyu masu batir, tunda wutarmu ba ta da tabbas. Ɗaya a cikin gida kusa da ƙofar gareji, ɗaya a barandar ɗakunan kwana. Duba jikinta ka ga lambar EN 50291 ko UL 2034. Mai lambar farko an yi ta ne ta yi kuka cikin minti uku idan gubar ta kai kashi 300 cikin miliyan. Ba a maƙala ta a cikin garejin kansa, don za ta riƙa kuka duk sanda aka tayar da mota har a gaji a cire mata batir. Tana tsufa kuma, daga shekara biyar zuwa goma gwargwadon iri, ranar na nan a bayanta. Ka lura ba ita ce mai jin hayaƙin gobara ba, wannan daban take.

Gargaɗi: ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala da suka kama mutum biyu ko uku a gida lokaci guda, babu zafin jiki, kuma suna jin sauƙi idan sun fita waje, kada a ce maleriya ce a sha magani a kwanta. A fitar da kowa sarari, a tafi asibiti, a gaya wa likita ana zargin hayaƙin inji. Janareto kuwa ba shi da wuri a gareji ko na minti ɗaya. A ajiye shi waje, kamar mita shida daga ƙofofi da tagogi idan fili ya ba da dama.

4. Raba fetur da duk abin da ke tartsatsi

Ruwan fetur ba shi ne ya fi haɗari ba, tururinsa ne. Ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili yana fitar da tururin da zai kama wuta, balle a zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato. Tururin ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ƙasa yake kwanciya, ya bi daɓe kamar ruwa, ya shige ta ƙarƙashin ƙofa. Akwai kuma sinadarin benzin a cikinsa, wanda yawan shaƙarsa ke jawo sankarar jini. Wannan ya isa dalilin kada iyali su riƙa kwana da warin fetur.

Na san halin da ake ciki, kusan kowane gida yana da jarkar man janareto. A yi mata ɗan ɗaki ko akwatin ƙarfe mai ramukan iska a inuwa, a waje, nesa da ginin. Kada a cika jarka har baki, fetur yana kumbura da zafi. Idan za ka ɗura, ajiye ta a ƙasa tukuna, musamman da hunturu lokacin da busasshiyar iska ke sa jiki da roba su riƙa tartsatsi.

Abubuwan da za su fita daga garejin: tukunyar gas ta girki, risho, firiza da firiji, injin ɗumama ruwa, da batiran sola ko infata. Firiza takan ba mutane mamaki, amma abin da ke kunna ta da kashe ta yana ƙasa, daidai inda tururin fetur yake. A Amurka dokar gini ta ce duk abin da zai iya kunna wuta a gareji ya ɗaga inci 18 daga daɓe, wato kusan santimita 46. Ka ɗauki wannan a matsayin mafi ƙaranci, soket kuwa a kai su tsayin ƙugu.

Lantarkin gareji a ba shi layinsa daban daga allon rabon wuta, da waya mai kaurin 2.5 don soket, da na'urar katse wuta mai jin yoyon miliamfiya 30, da wayar ƙasa ta gaske. Mai lantarki ƙwararre ne zai yi, ba kai ba. Fitilar leƙa ƙarƙashin mota ta zama mai caji, kada ka yi amfani da ƙwan gilashi mai zafi a bakin waya, ɗigo ɗaya na fetur zai iya fasa shi.

Cajin batirin mota yana fitar da iskar haidurojin, ita kuma sama take tashi. Yi cajin ƙofa a buɗe. In za ka cire batir, fara kwance kan da ke da alamar ragewa, in za ka mayar, shi ne na ƙarshe.

Abin kashe gobara: mai hoda, mai alamar ABC, kilo 6 ko 9. Rataye shi kusa da ƙofar fita, ba can ƙurya bayan mota ba. Ƙara da bokitin yashi. Allurar jikinsa ta kasance a kore, kuma uwargida da manyan yara su san yadda ake zare fil a matsa. Rubuta lambar gaggawa a bango, 112 a Najeriya, 18 ga 'yan kwana-kwana a Nijar, tare da lambar ofishin kashe gobara mafi kusa da unguwarku.

Gargaɗi: ba a watsa ruwa a wutar fetur, yaɗa ta yake yi. Kuma ba a wanke kayan inji da fetur a cikin gareji, duk da haka ake yi a bakin titi. Can sarari ne, nan ɗaki ne. Yi amfani da kalanzir ko man dizal, a waje.

5. Daɓe da ɗaga mota

Jak yana son kankare mai kaurin aƙalla inci huɗu, shimfiɗaɗɗe. Tayil yana fashewa kuma yana santsi da mai. Intalok yana nutsewa. Idan za a sake daɓen, a ba shi ɗan gangare zuwa babbar ƙofa, a shafa fentin daɓe don kada mai ya shige cikin siminti ya riƙa wari shekara da shekaru.

Kada ka haƙa rami irin na garejin kanikawa. Tururin fetur cikinsa zai taru, da damina ruwa ya cika shi, yaro kuma zai iya faɗawa.

Tsarin ɗagawa shi ne: ja birkin hannu, sa giya ɗaya ko P, sa waigi gaba da bayan tayoyin da za su zauna a ƙasa. Sassauta notin taya tun mota na ƙasa. Sa jak a wurin da littafin motar ya nuna, ɗaga, ka zura ƙafafun ƙarfe na tokare mota, ka sauke nauyin a kansu. Girgiza motar da ƙarfi kafin ka kai ko hannu ƙarƙashi. Tayar da ka cire, tura ta ƙarƙashin motar ta zama kariya ta biyu. Corolla ta haura tan ɗaya, Hilux tana kusan tan biyu, kuma nauyin da aka rubuta a jikin ƙafafun yawanci na biyun ne a haɗe, don haka sayi masu tan uku ka sami kwanciyar hankali.

Gargaɗi: ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ba a kuma tokare ta da bulo. Bulo ba ya lanƙwasa ya ba ka alama, rugujewa yake yi farat ɗaya. Sannan a sami babban mutum a gida wanda ya san kana ƙarƙashin mota. Wannan ɗaya ce daga fa'idojin garejin da ke jikin gida, ka ci moriyarta.

6. Kayan aiki da yadda za ka kashe kuɗin

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 farashi ba ya zama wuri ɗaya, don haka tsarin sayen ne ya fi muhimmanci. Na farko, kuɗin magini da ƙofa, su ne za su fi ci maka kuɗi, kuma sau ɗaya ake yi. Na biyu, ƙararrawar hayaƙi da abin kashe gobara. Na uku, fanka da lantarki. Na huɗu, jak mai taya da ƙafafun tokarewa da waigi. Sai a na biyar ka zo kan sifana.

A nan ma kada ka yi gaggawar sayen babban akwati mai kaya ɗari biyu, rabinsu ba za ka taɓa ɗauka ba. Motocin Japan yawanci lamba 8, 10, 12, 14, 17, 19 da 21 suke ci, na Jamus da Faransa kuma suna yawan neman 13 da makullai masu bakin tauraro. Ƙara sukudireba, fulaya, abin kwance filtar mai, faranti mai zurfi na tarar baƙin mai, mazurari, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Wannan na ƙarshe yana hana ka yanke noti ko barin taya a sake. Notin tayar Corolla, alal misali, 103 ake ɗaure shi a ma'aunin Nm. Ƙaramar na'urar karanta matsalar inji ta OBD2 ita ma tana biyan kuɗinta da wuri.

Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja, Katako a Yamai, duk ana samun kaya. Sifana na hannu mai kyau ya fi sabo na banza, ka ɗaga ka ji nauyinsa, ka duba bakinsa bai buɗe ba. Amma ƙafafun tokare mota, kada ka sayi masu tsatsa ko waɗanda aka yi wa walda a gefen hanya ba tare da an san nauyin da za su ɗauka ba. Tabarau na kariya, safar hannu da abin toshe kunne ba su da tsada, a haɗa da su tun ranar farko.

7. Yara, dabbobi da ruwayen mota

Ƙofar da ke tsakanin gida da gareji ta kasance da sakata a sama inda yaro ba ya kaiwa, amma wadda babba zai buɗe ba tare da neman makulli ba. Man birki, man giya, ruwan batir, ruwan lagireto, duka a kabad na ƙarfe mai kwaɗo.

Babban kuskuren da ake yi shi ne zuba ragowar fetur ko kalanzir ko ruwan lagireto a gorar lemo. Yaro yana jin ƙishi ya ga gora, shi ke nan. Ruwan lagireto mai launin kore ko ja ya fi yaudara, domin yana da zaƙi-zaƙi, kuma yana lalata ƙoda. Kyanwa da akuya da kaji ma suna sha idan ya zube. Kowane ruwa ya zauna a mazubinsa na asali.

Gargaɗi: idan yaro ya sha fetur ko kalanzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Aman ne yake kai man cikin huhu. A cire masa kayan da suka jiƙe, a garzaya asibiti da gorar a hannu.

Baƙin man da ka juye, tara shi a jarka mai murfi ka rubuta a jiki. Kada ya shiga kwata, ko shadda, ko ƙasa kusa da rijiya. Ɗan kaɗan yana ɓata ruwa mai ɗimbin yawa, kuma ruwan unguwa ɗaya ne a ƙarƙashin ƙasa. Kai wa wurin juyen mai, suna da masu karɓa. Tsohon batir kuma masu sayar da sabo suna karɓa su rage maka kuɗi. Man da ya zube a daɓe, zuba yashi ko garin katako, share, sannan a wanke da omo. Tsummokaran mai a bokitin ƙarfe mai murfi, a fitar da su waje.

Kayan aikinka na sawa su tsaya a gareji, takalmi ma haka. A wanke su daban, kada a haɗa da kayan yara. Wanda fetur ya jiƙa a shanya shi a waje ya sha iska sosai kafin ya ga injin wanki.

8. Ayyukan da ba na gida ba ne, da haƙƙin mutane

Akwai ayyukan da duk ƙwarewarka bai kamata a yi su a garejin da ke jikin gida ba. Fentin feshi shi ne kan gaba, musamman wanda ake haɗawa da hadina, wato sinadarin da ke sa fenti ya yi tauri, tururinsa na jawo asma mai tsanani kuma takunkumin kasuwa ba ya tare shi. Sauke tankin fetur ko yi masa walda. Duk abin da ya shafi tukunyar gas ta motocin da aka mayar CNG, wadda matsin cikinta ke kai 200 a ma'aunin bar. Wayoyi masu launin lemo a motoci masu haɗin batir da fetur. Waɗannan a kai wa masu sana'ar. Walda da yanka ƙarfe da garanda a yi su a tsakar gida, mota da jarkoki suna nesa, kuma kada a taɓa yin walda a kan ƙarfen da aka fesa wa maganin wanke birki, wasu irinsa zafi yana mayar da su iska mai kisa. Ƙurar birki ba a hure ta da kwamfaresa, jiƙa ta ake yi a goge, don tsofaffin fatun birki kan ƙunshi asbestos.

Sai zaman tare. Bango ɗaya kuke da iyali, kowace guduma a kunnensu take. Zauna da uwargida ku yanke lokaci: babu ƙara da sassafe, babu lokacin ƙailula, babu bayan magariba, babu lokacin da yara ke karatu ko akwai mara lafiya. Ku kuma yi magana a kan wurin. Sau da yawa gareji shi ne ma'ajiyar buhunan hatsi da kekunan yara. Abinci ba ya zama da warin mai, a sama masa wani wuri kafin ka fara, kada ta wayi gari ta ga an fitar mata da kaya tsakar gida. Kwamfaresa a ɗora shi a kan roba, nesa da bangon da kuka haɗa.

Maƙwabci ma a gaya masa kafin ranar aiki mai ƙara. Kuma ka kiyaye kada abokai su mayar da ƙofar gidanka garejin unguwa. Mota ɗaya a lokaci ɗaya, kada ka fara kwance wata sai kayan gyaranta suna hannu, domin motar da ta kwana wata uku a kan ƙafafun ƙarfe ita ce mafarin yawancin saɓanin da ake samu a kan gareji.

9. Rufe gareji bayan aiki

Ka tsayar da aiki da sauran minti 20 kafin lokacin da ka yanke. Rufe kowane mazubi, mayar da shi kabad, sa kwaɗo. Leƙa ƙarƙashin motar da tocila ko akwai ɗigo, in ka ji warin fetur daga jikinta, waje za ta kwana. Idan a ɗage za ta kwana, sake girgiza ta, cire kan batir, ka gaya wa mutanen gida. Zare duk abin da ke jikin soket, har da cajar batir. Fitar da bokitin tsumma. Idan an yi aikin da ya fitar da tartsatsi kusa, dawo bayan rabin awa ka sake dubawa. Bar fanka ta ci gaba da aiki na kamar minti 30 bayan an shigar da mota mai zafi. Kulle babbar ƙofa ta ciki, domin ɓarawon da ya shiga gareji ya sami kayan da zai ɓalle ƙofar gida da su. Sau ɗaya a wata, danna maɓallin gwaji na ƙararrawar hayaƙi, duba allurar abin kashe gobara, ka shafa robar ƙofa ka ji ko zafi ya busar da ita. Idan ta fara tsagewa, canza ta a makon.